Daga Dinarin Rumawa zuwa Dalar Adar: Tarihin Tsabar Azurfa da Haƙƙin da ke Kanta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Ƴan'uwa Musulmi, duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin zakka a Risala ya ji cewa nisabin azurfa dirhami 200 ne, na zinariya kuma dinari 20. Mun haddace wannan tun muna yara, amma a kasuwar Tawa ba mai ciniki da dirhami, sai dala da jikka. A gidajenmu kuma akwai tsofaffin tsabar azurfa da aka gada, wasu a wuyan iyayenmu mata, wasu ɗaure a tsumma cikin adaka. Ga wayar hannu tana kawo mana labarin tsabar Rumawa da ake gwanjonsu a Turai da kuɗi masu kauri, har zuciyar wasu ta fara raya musu tonon kufai. Saboda haka ya dace mu san inda dirhami da dinari suka samo asali, da abin da shari'a ta ɗora wa mai riƙe da tsohuwar azurfa.

*Azurfar samarin kogo*

A Suratul Kahfi, aya ta 19, Allah Ya ba da labarin cewa da samarin nan suka farka daga barcin shekara 309, sai suka aiki ɗayansu birni da azurfarsu domin ya sayo abinci mafi tsarki. Kalmar da aka kira azurfar da ita, wato wariƙ, ita ce ta zo a hadisin nisabi, inda aka bayyana cewa babu zakka a abin da bai kai uƙiya biyar ba. Uƙiya ɗaya dirhami 40 ce, biyar ke nan 200.

Malaman tafsiri, irin su Ɗabari, sun ruwaito cewa sarkin da samarin suka guje wa sunansa Daƙyanus. Masana tarihi suna danganta sunan da Desiyus, sarkin Rumawa daga 249 zuwa 251 Miladiyya, wanda ya tilasta wa talakawansa yin yanka ga gumaka. Ruwayar ta ce da saurayin ya miƙa tsabarsa, mai abinci ya juya ta ya ga bugun sarkin da aka daɗe da mantawa, ya miƙa wa na kusa da shi, ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, har aka zarge shi da tsintar taska aka kai shi gaban hukuma. Bisa wannan ruwaya, tsohuwar tsabar Rumawa ce ta zama sanadin bayyanar ayar Allah ga mutanen garin. Sarkin da fuskarsa ke jikinta ya mutu, umurninsa ya mutu, azurfar tana nan da nauyinta.

*Yadda Rumawa suka buga ta, da yadda suka lalata ta*

An fara buga tsabar azurfa mai suna dinariyus a birnin Roma wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a tsakiyar yaƙinsu da Kartaja, birnin da kufansa yake a Tunisiya ta yau. Ma'anar sunan «na goma», domin tana daidai da tsabar tagulla goma. Nauyinta ya fara da kimanin giram 4.5, daga baya ya tsaya a 3.9, kuma kusan azurfa ce zalla. Da hannu ake buga ta: a ɗora gutsuren azurfa tsakanin hatimai biyu na ƙarfe, a doka da guduma. Shi ya sa da wuya a samu biyu da suka yi daidai ta kowace fuska. A zamanin Agustus, wanda ya yi mulki daga 27 kafin Miladiyya zuwa 14 bayanta, albashin sojan ƙasa dinariyus 225 ne a shekara.

Da kashe kuɗi ya fi ƙarfin baitulmali, sarakuna suka gano dabarar da ta zama guba. A shekara ta 64 Miladiyya, Niro ya rage nauyin zuwa kimanin giram 3.4, ya ƙara mata tagulla. A zamanin Saftimiyus Safirus (193 zuwa 211), haifaffen Labda a gaɓar tekun Libiya, azurfar da ke ciki ta koma wajen rabi. Ɗansa Karakalla ya fito da sabuwar tsaba a 215, aka ce a ƙirga ta a matsayin dinariyus biyu, alhali nauyinta na ɗaya da rabi ne. Kafin shekara ta 270, azurfar da ke cikin wannan tsaba ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Tagulla ce kawai aka shafa wa farin ruwa.

Talaka ba ya karanta dokar sarki, amma hannunsa ya san nauyi. Mutane suka riƙa ɓoye tsofaffin tsaba masu kyau a tukwane suna binnewa, suna kashe marasa kyau, farashi kuma ya yi ta hawa. Yawancin tukwanen da manoman Turai ke tsinta a yau dukiyar mutanen da ba su dawo sun tone ba ce. A 301 sarki Diyokiletiyan ya kafa dokar ƙayyade farashi, da hukuncin kisa ga wanda ya ƙetare, amma ba ta yi aiki ba. Sai a farkon ƙarni na 4 Ƙusɗanɗin ya buga sabuwar tsabar zinariya mai nauyin kimanin giram 4.5, wadda ta riƙe ingancinta kusan shekara 700. Sunan tsohuwar tsabar azurfa ya koma kan wannan ta zinariya a bakin mutanen Gabas, Larabawa suka ce dinar.

Daga wannan kalma ta dinar ne masana harshe suke ganin Hausa ta samu «zinariya». Ita kuwa «azurfa» maƙwabtanmu Abzinawa muka ara, domin a Tamajak azref ake cewa. Ashe kullum muna ambaton sunan tsabar Rumawa a bakinmu ba tare da mun lura ba.

*Ma'aunin Makka*

A zamanin Manzon Allah (SAW) ba a buga kuɗi a Makka ko Madina. Fataken Ƙuraishawa suna dawowa daga Sham da dinarin Hiraƙal, sarkin Rumawa (610 zuwa 641), wanda Annabi (SAW) ya aika wa wasiƙa, suna kuma samun dirhamin azurfa na Kisran Farisa. A jikin na Rumawa akwai hoton sarki da gicciye, a jikin na Farisa akwai wurin bautar wuta. Alƙur'ani ya ambaci dinari a Suratu Ali Imrana, aya ta 75, a zancen amana, ya ambaci dirhami a Suratu Yusuf, aya ta 20, a zancen ƙanƙanen kuɗin da aka sayar da shi.

Balazuri ya ruwaito cewa mutanen Makka ba sa yarda da ƙirgen waɗannan tsaba, auna su suke yi kamar ɗanyen ƙarfe, saboda wasu an yanke bakinsu, wasu sun goge. Annabi (SAW) ya tabbatar da ma'aunin Makka, zakka ta rataya a kansa. Da an rataya ta a kan ƙirgen tsabar sarki, da duk ranar da sarki ya zuba tagulla haƙƙin miskini ya ragu.

Mawardi ya kawo cewa Sayyidina Umar (RA) ya tarar da dirhami babba mai daniƙi 8 da ƙarami mai daniƙi 4, ya tsayar da tsakiyarsu, daniƙi 6. Halifa Abdul Malik ɗan Marwan ne ya kammala aikin. A shekara ta 77 Hijira ya buga dinari wanda babu hoto a jikinsa sai kalmar tauhidi da ayoyi, a 79 kuma dirhami ya biyo baya. Ƙa'idar ita ce dirhami 10 su yi nauyin dinari 7. Malamanmu na Malikiyya sun auna da ƙwayar sha'ir: dinari ƙwaya 72, dirhami ƙwaya 50 da biyu bisa biyar. A lissafin da ya fi yaɗuwa a yau, dinari giram 4.25 ne, dirhami giram 2.975. Nisabin zinariya ke nan giram 85, na azurfa giram 595.

*Abin da ya ƙetaro hamada*

Kuɗin Rumawa ba su taɓa zama kuɗin kasuwa a ƙasar Hausa ba. Iyakar mulkinsu ta tsaya a bakin hamada ta arewa, kodayake sojojinsu sun kai hari Jarma, babban birnin Garamantawa a Fezzan, a shekara ta 19 kafin Miladiyya, kuma kayansu sun riƙa shiga can ta hanyar fatauci. Shaidar da ta fi shahara a tsakiyar hamada ita ce ta Abalessa a ƙasar Ahaggar, kudancin Aljeriya, inda aka buɗe kabarin da ake jingina wa Tin Hinan a 1925. An tarar da ƙasusuwan mace da awarwaron zinariya da na azurfa, da fallen zinariya mai ɗauke da tambarin wata tsabar Ƙusɗanɗin. Wannan kayan ado ne na babbar mace, ba kuɗin cefane ba. Don haka duk wanda ya zo maka da jakar tsabar Rumawa ya ce a kufan Adar ya tono ta, ka yi hattara da shi.

Ma'aunin Musulunci ne ya iso mu da ƙarfinsa. A Tadmakka, wato Essuk ta arewacin Mali, Bakari ya rubuta a 1068 cewa dinarinsu zinariya ce tsantsa ba tare da tambari ba, kuma masu binciken kufai sun tono tukwanen zubin irin wannan tsaba a 2005. A 1353 Ibn Baɗɗuɗa ya sauka Takadda, wadda masana ke danganta ta da kufan Azelik a yankin Ingal. Ya tarar ana ciniki da sandunan tagulla, masu kauri 400 a miskalin zinariya ɗaya, sirara 600 zuwa 700. Kuɗin hannu tagulla ne, amma miskali ne alƙali.

Bayan Agabba ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak ya ci Adar a 1674, ƙasar ta ƙara ɗauruwa da hanyoyin Abzin. Daga kudu kuma wuri ya mamaye kasuwannin Hausa, har jam'insa, wato kuɗi, ya zama sunan dukiyar ciniki baki ɗaya. A ƙarni na 19 babbar tsabar azurfa ta Ostiriya ta yaɗu, mai hoton sarauniya Mariya Tareza, wadda mutanen da ke kira liyari. Duk wadda aka buga bayan rasuwar sarauniyar tana ɗauke da shekarar 1780, ko da an buga ta bayan shekara ɗari. Nauyinta giram 28 da ɗan ɗoriya, azurfa zalla a ciki kimanin giram 23.4. A 1851 Barth ya tarar ana canza irin wannan tsaba da wuri 2,500 a Kano. Fatake sun amince da ita ne saboda nauyinta ba ya canzawa. Maƙeran Abzinawa sun narkar da masu yawa sun ƙera zobba da awarwaro da abin wuya, irin wanda ake kira da sunan Agadas, da na Tawa, da na Abalak.

Da Faransawa suka kafa mulki a farkon ƙarni na 20, suka kawo tsabar faran 5 ta azurfa, giram 25, kashi 90 cikin 100 azurfa. Ita ta gaji sunan dala, kalmar da tushenta ɗaya da tala ta Jamusawa da dalar Amurka. An ƙirƙiro sefa ranar 26 ga Disamba 1945, azurfa ta fita daga kasuwa, suna ya saura: har gobe sefa 5 dala ce. Manyanmu ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Mai takarda ya wayi gari da rabin abin da ya kwana da shi, mai azurfa kuwa giram ɗaya bai ragu masa ba.

*Masu tara tsofaffin tsaba*

Tara tsabar Rumawa tsohuwar sha'awa ce a Turai, tun ƙarni na 14. Abu uku ke sa tsaba tsada: ƙarancinta, da lafiyar tambarinta, da takardun da ke nuna hannuwan da ta biyo. An buga dinariyus da miliyoyi, saboda haka na gama-gari sau da yawa ba ya kai kuɗin ragon layya. Masu tsadar ƴan kaɗan ne. Mafi shahara ita ce wadda Burutus ya buga a 42 kafin Miladiyya domin tunawa da kisan Yuliyus Kaisar, mai hoton wuƙaƙe biyu da hula a tsakiya. Na azurfa da aka sani kimanin 100 ne, na zinariya 3. An sayar da ɗaya ta zinariya a Landan a Oktoban 2020 kan fam miliyan 3.24. Daga baya masu gabatar da ƙara a New York suka gano takardun asalinta na ƙarya ne, aka ƙwace ta, aka mayar wa ƙasar Girka a Maris 2023. Tsaba ɗaya ta tara kisan kai a farkonta, da ƙarya da haram a ƙarshenta.

Jabu ma sun cika wannan kasuwa. Ana zuba su a tukunya, sai ka ga layin haɗi a gefe da ƙananan ramuka a fuska, abin da ba ya samuwa a bugun guduma.

Ajiye tsohuwar tsaba domin ilimi da izina ba laifi ba ne, kuma Alƙur'ani ya yi umurni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba ƙarshen waɗanda suka gabata. Amma Suratut Tauba, aya ta 34 da 35, ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu taskace zinariya da azurfa ba sa ciyarwa saboda Allah. Abdullahi ɗan Umar (RA) ya bayyana cewa abin da aka fitar wa zakka ya fita daga wannan gargaɗi.

*Hukunce-hukuncen da suka hau kan mai ita*

Na farko, zakka. Tsabar azurfa ba ta fita daga hukuncin azurfa don ta daina yawo a kasuwa. Ana duba nauyin azurfa zalla da ke ciki, ba a duba tsufanta ko farashin da masu sha'awa za su biya. Liyari 26 sun cika nisabi, dalar Faransa ta azurfa 27, dinariyus irin na zamanin Agustus kimanin 160. Idan shekara ta zagayo, a fitar da ɗaya bisa arba'in, wato kusan giram 15 daga giram 595. A mazhabar Malik ana haɗa zinariya da azurfa wajen cika nisabi. Adon da mace ke sawa babu zakka a kansa, amma wanda aka ajiye domin ranar buƙata ko domin ciniki ana fitar masa kowace shekara. Da yawa cikin azurfar gado da ke adakokinmu daga wannan kashi na biyu take, kuma a nan ake yawan sakaci.

Na biyu, rikazi. Imamu Malik ya fassara shi a Muwaɗɗa da dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne, wadda aka samu ba tare da babban kashe kuɗi ko babbar wahala ba. Tukunyar tsabar Rumawa misalinsa ce sak. Ana fitar da ɗaya bisa biyar nan take, da yawa ko kaɗan, ba a jiran shekara. Saura na mai ƙasar ne, in kuma dajin da babu mai shi ne, na wanda ya tsinta. In an sha babbar wahala ko kashe kuɗi wajen fitar da ita, sai ta koma zakka. Abin da ke da alamar binnewar Musulmi kuwa tsintuwa ce, ana cigiyarta shekara guda. Liyarin da aka tarar a bangon tsohon gida a Tawa ko Illela ya fi kusa da wannan hukunci, domin mai shi yana iya kasancewa da magada a raye. Muhtasar Halil ya karhanta tonon kaburburan jahiliyya domin neman dukiya. Dokar Nijar ta 1997 kan kayan tarihi ita ma ta hana tono ba da izini ba, ta wajabta sanar da hukuma abin da aka tsinta. Mun ga yadda masu tono suka wawashe kufan Bura a jihar Tilaberi, kayan suka ƙare a ƙasashen waje, ƙasa ta rasa tarihinta a kan ƴan kuɗi kaɗan.

Na uku, musaya. Azurfa da azurfa sai nauyi daidai, hannu da hannu. Bai halatta ka ba da giram 100 na awarwaro ka karɓi tsaba mai giram 4 saboda tsufanta ba, wannan riba ce. Mafita ita ce a saya da sefa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zartar a 1986 cewa kuɗin takarda suna ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa, don haka sayen azurfa da sefa ma sai an yi karɓa da bayarwa a zama ɗaya, ba bashi.

Na huɗu, gaskiya da gado. Wanda ya san tsabarsa jabu ce ya ɓoye, ya yi algus. Wanda ya san darajar abin da ke hannun tsohuwa ya ce mata tagulla ce domin ya saya da araha, ya ci dukiyarta da ƙarya. Azurfar mamaci kuma tana cikin gado, ba ta zama ta babbar ɗiya ko ta wanda makulli ke hannunsa ba sai da rabo ko yardar magada, kuma kason marayu amana ne.

Ƴan'uwa, wanda ke da tsohuwar azurfa a gida ya kai ta wurin amintaccen maƙeri a auna a gabansa, ya rubuta nauyin da watan da ta shigo hannunsa, sannan ya je wa malaminsa da lissafin, musamman in shekaru sun wuce ba a fitar ba, domin zakka ba ta faɗuwa da tsufa. Rumawa sun binne tasu suna nufin dawowa, ga ta yau a hannun baƙi.

Allah Ya tsarkake dukiyoyinmu, Ya sa mu fitar da haƙƙinSa tun muna da iko, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, Ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.